Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Masu Gyaran Waya

Assalamu alaikum iyayen gida da yara masu koyon aiki, ga abin da muka yi bana.

Lissafin kuɗin wata-wata ma'aji zai karanto a zama, waɗanda ake bi sun san kansu. An yi wa yara bita kan canjin sikirin da aikin bod (allon cikin waya da ke ɗauke da kayan lantarkinta), an kuma tallafa wa waɗanda rashin lafiya ta kwantar.

Abin da ya ci mana lokaci dai maganar buɗe waya ce. Kun san yadda ƙwacen waya ya addabi Kano, mutum zai zo da waya a kulle ba kwali ba rasit ya ce wai fasuwod ya manta, kai kuma kana ganin hoton wata baiwar Allah a fuskar wayar. Mun tsayar: ba filashin (goge waya a sake ɗora mata manhaja), ba cire akawun ɗin Google ko iCloud sai da rasit ko shaidar wanda muka sani, canza IMEI (lambar shaidar da kowace waya ke da ita) kuwa kora ce daga ƙungiya kai tsaye. Wasu sun yi ƙorafin ciniki zai koma shagon gaba, gaskiyarsu ne, amma gara hakan da kwana a ofishin 'yan sanda.

Lauyan da muka gayyato ya tuna mana da dokar laifukan intanet ta 2015 da ta kare bayanan mutane ta 2023, malam kuma ya janyo aya ta 12 a Suratul Hujurat da ta hana binciken asirin mutane, don haka maigidan da ya kawo wayar matarsa a ɓoye a buɗe masa WhatsApp, a ba shi haƙuri kawai. Wani yaro da aka kama yana tura hotunan kwastoma zuwa wayarsa an dakatar da shi, ubangidansa ma ya sha faɗa.

Inda muka kasa daidaitawa shi ne wayar mamaci. Ɗan wani mamaci ya zo da wayarsa ya ce akwai kuɗi a Opay da lissafin bashi a ciki, magada na jira, to amma akwai hirarrakin da marigayin bai so kowa ya gani ba. Dattawa sun ce gado ce a buɗe, matasa sun ce sai da takardar kotu, har aka ɗan ɗaga murya. Mun bar maganar zuwa zaman farko na sabuwar shekara, kafin nan duk wanda aka kawo wa irin wannan waya ya kira sakatare.