A tambayi masu sana'a kafin a fassara kalmar "matte"

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai albarka domin in ja hankalin masu fassara labarai game da kalmar Turanci ta "matte", wadda ake yawan mayarwa "marar sheƙi" ko da a wane fage ta fito.

A wurin masu wankin hoto da masu sayar da fenti a Sabon Gari, wannan fassara daidai take. Takardar hoto marar sheƙi ba ta ɗaukar ido a ƙarƙashin fitila, yatsa kuma ba ya barin tabo a kanta. Fentin bango irin wannan yana ɓoye kurakuran filasta, sai dai ya fi mai sheƙi wuyar gogewa idan yara suka ɓata shi. Haka abin yake ga hoda da jan baki marasa maiƙo.

Amma ɗalibin da ke nazarin ƙarafa a Jami'ar Ahmadu Bello wani abu daban ya sani. Idan aka narka dutsen jan ƙarfe a zafin da ya kai kimanin digiri 1,200, narkakken yakan rabu gida biyu: kashin maƙera ya taso sama, wani ruwa mai nauyi kuma ya kwanta a ƙasa, wanda haɗi ne na jan ƙarfe da baƙin ƙarfe da farar wuta. Wannan ruwan ne ake kira "matte" a fagen ƙarafa, kuma sai an hura masa iska farar wutar ta ƙone kafin a kusanci jan ƙarfe tsantsa. Saboda haka duk wanda ya fassara labarin ma'adinan Zambiya ko Kwango da cewa an fitar da "jan ƙarfe marar sheƙi" ya ɓatar da mai karatu, domin zai ɗauka kaya ne da aka gama tacewa, alhali aikin bai ƙare ba.

A harkar fim kuwa, kalmar tana nufin abin da ake rufe wani sashe na hoto da shi domin a cike gurbin da wani hoton. Tun a 1907 wani mai shirya fim, Norman Dawn, ya yi zane a kan gilashi ya ajiye gaban kyamara a Amurka, yau kuma masu tace fim suna yin aikin da koren ƙyalle da kwamfuta.

Roƙona shi ne jaridarka ta ware ɗan shafi inda malaman jami'a da maƙera da masu hoto za su riƙa bayyana irin waɗannan kalmomi, kowa a fagensa. Zariya, inda aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ba ta rasa waɗanda za su ɗauki wannan nauyi ba.

Wassalam,
Mai karatunku daga Tudun Wada, Zariya