Wasiƙa daga Leiden

Aminina Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali da su Hajiya. Mu nan sai sanyi da ruwan da ba ya ɗaukewa.

Jiya na tuna ka sosai. Na je gidan tarihin Rijksmuseum a Amsterdam, na ga aikin wani ɗan garin nan da nake zaune, Lucas van Leyden, wanda ya rasu a 1533. Sana'arsa 'yar uwar taka ce ta yankan hatimi: a juye yake zane. Zai samu faifan jan ƙarfe, ya riƙa yanka shi da ɗan ƙarfe mai tsini, a shafa tawada ta shiga ramukan, a goge saman, a danna takarda mai danshi a kai. Abin da ya zana a dama ya fito a hagu. Ka san zafin kuskure a irin wannan aiki fiye da ni.

Wanda ya tsayar da ni shi ne na 1510. Shanu ne tsaye, da budurwa riƙe da bokitin nono, ga wani makiyayi ya jingina yana satar kallonta, ita kuwa ta sunkuyar da kai. Ba sarki, ba waliyyi, a zamanin da su aka fi zanawa. An ce a 1494 aka haife shi, ka ga ke nan shekararsa 16. Ni a wannan shekarun ko layi miƙaƙƙe ban iya ja ba.

Amma dabarar da nake so ka lura da ita ita ce ta nisa. Abin da ke kusa sai ya nutsa ƙarfen, layin ya fito baƙi ƙirin. Abin da ke can baya kuwa, itatuwa da tsaunuka, shafarsa kawai yake yi, sai ya fito dishi-dishi kamar gari a cikin hazo. Babu launi ko ɗaya, nauyin hannu ne kawai.

A 1521 ya haɗu da gwanin Jamus, Albrecht Dürer, a Antwerp, har Dürer ya zana fuskarsa. Ƙarshen Lucas dai da tausayi. Karel van Mander, wanda ya rubuta tarihinsa a 1604, ya ce ya daɗe kwance yana zargin wani mai hassada ya sa masa guba, amma ko a kan gadon bai ajiye aiki ba. Ni wannan zancen guba ban cika gaskata shi ba.

Na saya maka kati mai hoton shanun. Zan ba mai zuwa gida kafin azumi, ka duba shi da gilashin nan naka na aiki, ka faɗa mini layi nawa ka ƙirga a jikin saniyar.

Ka gaishe da kowa da kowa.

Naka,
Habibu