Ina son asibiti, amma a durƙushe nake son in haihu

Assalamu alaikum Anti.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya haƙuri da mu masu damun ki da wasiƙu? Allah ya saka miki da alheri. Tun ina amarya nake sauraron shirinki, ban taɓa rubuto miki ba sai yau da abu ya kai mini iya wuya. Don Allah ki sakaya sunana, domin uwar mijina ba ta rabuwa da rediyo. Ko da yake in ta ji zancen turmi za ta gane ni, to ya zan yi.

Malamar firamare ce ni a cikin birnin Katsina, asalina kuwa 'yar wani ƙauye ce ta wajen Sandamu a ƙasar Daura. Ina ɗauke da ciki na uku, wata takwas ke nan. Na haihu sau ɗaya a gida, sau ɗaya a asibiti, kowacce ta bar mini abin da nake tsoro.

Haihuwar fari goyon ciki na je gida, ina da shekara 19. Cikin hunturu ne, naƙuda ta taso bayan isha'i. Inna ba ta ko leƙo ba, don ni ce 'yar farinta, sai Gwaggo ce ta tsaya a kaina. A garinmu yawanci sai an haihu ake kiran ungozoma ta yanke cibi, amma da yake ta fari ce aka aika mata tun da wuri. Tsohuwar nan ba ta bar ni na kwanta ba. Ta ce in yi ta zagaya tsakar gida, daga ƙofar ɗaki zuwa rumbu in dawo. In ciwo ya murɗo sai in rungume ginshiƙin rumfa in riƙa juya ƙugu, in ya lafa in ci gaba da tafiya. Da faya ta fashe, aka kife turmi a ɗaki, aka ninka tsohon zane aka ɗora a kai, aka shimfiɗa tabarma da tsummoki. Na durƙusa, na ɗora hannuwana da goshina a kan turmin, ita kuma tana bayana tana danna mini ƙugu da tafin hannunta, daidai inda ciwon yake sara. Wallahi Anti har yau ina jin ɗumin hannun nan. Ba wanda ya ce mini in yi nishi, nishin ne ya zo da kansa, jikina yana turawa ƙasa ni kuma ina bin sa. Kafin kiran assalatu yaro ya faɗo, ko ƙari ban yi ba.

Da a nan labarin ya tsaya da ban rubuto miki ba. Mabiyiya ta ƙi fita. Aka ba ni kwalba in busa, aka zuba barkono a garwashi don in yi atishawa, duk a banza, jini kuwa yana ta zuba kamar an yanka rago. Sai da rana ta fito aka samu mota. Ban san lokacin da muka isa Daura ba. Leda biyu aka ƙara mini, ɗaya ma ta mijina ce. Likitan da ya sallame mu ya ce da shi, macen da ta taɓa irin wannan zubar jini tana iya sake yi, kada a ƙara bari in haihu a gida.

Saboda haka ta biyu a asibiti na yi, a nan Katsina. Ba zan faɗi wanne ba, don ba tonon silili na zo yi ba. Ina shiga aka duba ni, aka ce bakin mahaifa ya buɗe santimita 6, hau gado. Gado ne siriri mai shimfiɗar roba, sanyi ƙalau. Aka ɗaura mini ƙarin ruwa, aka ce in kwanta rigingine. Ban yi minti ashirin ba na ji jiri, zufa tana karyo mini, zuciyata tana tashi, bayana kuma kamar ana kirɓa shi da taɓarya. Na lallaɓa na juya na kafa gwiwa a kan gadon, nan take na ji numfashina ya dawo. Sai wata malamar asibiti ta hango ni, ta ce, "Ke Malama, nan ba ƙauye ba ne. Kwanta ki riƙe cinyoyinki, in kika kashe ɗanki ke kika sani." Na koma na kwanta. Nishin da na yi a ranar kamar mai tura kurar ruwa a hawa, kina turawa tana dawo miki. A ƙarshe aka yi mini ƙari, aka ɗinke. Sati uku ina zama a karkace, ina shiga ruwan zafi.

Amma in faɗi gaskiya don Allah. Su biyu ne rak a ɗakin nan, mu masu naƙuda mun kai bakwai, ga wuta an ɗauke, da fitilar waya ɗaya take haska wa ɗaya. Kuma yarinya na faɗowa suka yi mini allura a cinya, mabiyiya ta biyo cikin 'yan mintuna, jinin da na zubar bai taka kara ya karya ba. Wadda ta yi mini tsawar ma ita ce ta dawo da asuba ta matsa mini ciki ta ce sannu. Ban riƙe ta a zuciya ba. Kwanciyar ce na riƙe.

Yanzu gidanmu ya rabu biyu. Hajiya, uwar mijina, cewa take yi ita tara ta haifa duk a durƙushe. Rannan ta ce mini, "Yo ke ba ki ji ana cewa wance tana kan gwiwa ba? Wa kika taɓa ji an ce tana kan baya?" Na yi dariya, amma na rasa amsar da zan ba ta. Shi kuwa maigidan, tunda ya ga jinina a tabarma bai ƙara yarda a yi masa zancen gida ba. Ya ce ko a kife suka ce in kwanta, in kwanta, in dai zan fito da raina. Da Hajiya ta ga ba ta ci nasara ba sai ta kawo wata dabara, wai in yi naƙudata a ɗaki a kan gwiwa, sai kai ya kusa sannan a tare kurkura a kai ni. Anti, wannan dabarar ba ita kaɗai ke yin ta ba. A layinmu na san mata uku da suke haka, ɗaya ma a cikin Keke Napep ɗin ta haihu kafin su kai Ƙofar Ƙaura. In kika tambaye su me suke gudu a asibiti, ba allura ba ce, ba kuɗi kaɗai ba ne, gadon nan ne da ɗaga ƙafa a gaban mutane.

Ni dabarar tana ba ni tsoro. Akwai wata 'yar ƙauyenmu da ta kwana uku a kan gwiwa ana ta ba ta rubutu da jiƙe-jiƙe, ɗan bai zo da rai ba, ita kuma ta ƙare da yoyon fitsari, sai a Babbar Ruga aka yi mata aiki. Na je duba ta can hanyar Batsari, na ga yara mata da ba su kai ni shekaru ba. Na san ba durƙuson ne ya jawo mata ba, doguwar naƙuda ce da kan ɗa ya tokare ba wanda ya gane. To wa zai gane mini a ɗakina?

Abin da ya ƙara rikita ni shi ne ƙanwata da ke karatun ungozoma a Malumfashi. Ta zo hutu na ba ta labari, sai ta ce ai abin da Hajiya ke faɗi yana cikin abin da ake koya musu. Ta ce tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ƙarfafa wa mace mai lafiyayyen ciki ta riƙa tafiya da tsayuwa lokacin naƙuda, in an zo haihuwa kuma a bar ta ta zaɓi yadda ta fi jin daɗi, ko durƙuso, ko tsugunno, ko zama a jingine, ko kwanciya ta gefe. Har ma an ce a bar ta da wani nata a kusa, a kuma bar ta ta sha ruwa ta ɗan taɓa abinci. Ta bayyana mini dalilin jirin nan da na ji: akwai manyan hanyoyin jini biyu da suka bi ta bayan mahaifa, in mai tsohon ciki ta yi rigingine nauyin cikin yana danne su, jinin da ke komawa zuciya ya ragu, wanda ke zuwa wa ɗa ma ya ragu. Shi ya sa a wajen awo ake ce mana mu riƙa kwanciya ta gefen hagu. Na ce ikon Allah, wata tara ana hana ni rigingine, ranar da na fi kowace rana buƙatar numfashi kuma a ce ita zan yi? Ta ce tsayuwa da zagaye suna iya rage tsawon matakin farko na naƙuda, wato kafin bakin mahaifa ya kai santimita 10, da awa ɗaya da wani abu. Rarrafe, hannu da gwiwa a ƙasa, yana sauƙaƙa ciwon baya, tsugunno kuma yana ƙara buɗe ƙashin ƙugu ta ƙasa. Ita rigingine ɗin, in ji ta, ta samu gindin zama ne don ta fi ba mai karɓar haihuwa sauƙin gani da sa hannu.

Har na fara murna, sai ta ƙara da abin da ya hana ni barci. Ta ce an lura masu haihuwa a tsaye ko a tsugunne jininsu yana iya ɗan fin na masu kwanciya zuba. Kuma ita shawarar yawo da zagaye an yi ta ne don macen da ba a hango mata matsala ba. Na ce to ni da na taɓa shan leda biyu, a wane layi nake? Ta ce ita ɗaliba ce, in tambayi manya.

Shi ne na zo gare ki, Anti, tunda kina gayyato likitoci da ungozomomi cikin shirin. Mace irina, da mabiyiya ta taɓa maƙale mata, za ta iya durƙusawa a asibiti, ko kuwa tarihina ya rufe mini wannan ƙofa? In durƙuso har ƙarshe ba zai yiwu ba, ni na yarda a raba: a bar ni in zagaya, in jingina da bango, in kafa gwiwa a kan gado in rungume filo, in kai ya zo in koma gefen hagu wani ya tallafe mini ƙafa ɗaya, ana gamawa su yi mini allurarsu. Ko wannan ma kuskure ne? Kuma in an ɗaura wa mutum ƙarin ruwa, dole ne ya zama kamar akuyar da aka turke, ko ana iya tashi da shi?

Babbar damuwata ma ba wannan ba ce, yadda zan buɗe baki in faɗa ne. Ranar awo mun fi mu ɗari a kan benci. Ana yi mana bayani kan abinci, gidan sauro, maganin ƙarin jini, a karanto mana kayan da za mu zo da su, safar hannu, auduga, leda, zannuwa, amma ban taɓa jin an ce ga yadda za ki zauna ko ki kwanta ranar haihuwa ba. In kin shiga ɗakin dubawa minti biyu ne, a gwada jini, a auna ciki, a saurari bugun zuciyar ɗa, a ce ta gaba. In ma na samu na faɗa wa wadda ta duba ni, ba lallai ita zan tarar ranar ba. Ana rubuta irin wannan a katin awo? Ina tsoron in ce "ƙanwata ta ce" ko "Hukumar Lafiya ta ce" a ɗauka na zo koya musu aiki, alhali a hannunsu zan kasance, ba ni da ƙarfin ko ɗaga murya. Mu da aka tarbiyyantar a kan cewa mai naƙuda ba ta kuka, balle gardama. Na ce da maigidan ko shi zai yi musu magana, ya ce shi da ko ƙofar ɗakin ba a bari ya taka, kuma da wane baki zai je yana yi wa mata zancen durƙuso. Na yi tunanin in tafi da Hajiya, tunda ita ba ta jin nauyin kowa, sai na tuna in ta buɗe baki sai an kore mu mu duka biyun.

Sannan ki ba ni kalmomin da zan faɗa wa Hajiya ba tare da ta ga na raina haihuwarta tara ba. Tana ƙaunata, ita ta yi mini wankan jego na biyu da hannunta, kwana arba'in ba fashi.

Awona na gaba Talata ta sama ne, in da hali a amsa mini kafin nan. Jiya da na dawo daga makaranta na tarar Hajiya ta sa an wanke tsohon turminta an jingine shi a bayan ƙofar ɗakina. Ba ta ce mini komai ba, ni ma ban ce mata ba.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Taki mai sauraro,
daga Ƙofar Marusa, Katsina.