Barka da Sallah daga tsibirin La Palma na ƙasar Sifaniya

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi ibada ya maimaita mana. Ina nan lafiya ƙalau, aikin gonar ayaba sai godiya. Mun yi Idi tare da 'yan Senegal da 'yan Maroko, ana sallamewa kowa ya koma bakin aiki, don nan ba ruwansu da hutun Sallah.

Yaya ya ce tun da aka nuna wa Inna bidiyon wuta tana cinye gidaje, barci ya ƙaurace mata. Don Allah ku kwantar da hankalinku, tsohon bidiyo ne. Dutsen Cumbre Vieja ya fara aman wuta ranar 19 ga Satumba 2021, ya lafa 13 ga Disamba, kwana 85 ke nan. Ɓarna kam an yi ta. Ƙauyen Todoque ya tafi ƙurmus har da cocinsa, an kwashe mutum wajen 7,000 daga gidajensu. Amma narkakken dutsen bai rutsa da kowa ba, domin dutsen nan ba ya yin ba-zata.

Ga yadda abin yake. Tsibirin kansa aman wuta ne ya gina shi, tun daga ƙasan teku har ƙololuwarsa mai tsawon mita 2,426. Can ƙarƙashi akwai dutse narkakke, in ya tashi neman hanyar fita sai ya riƙa fasa na samansa, kowace tsagewa kuma girgizar ƙasa ce. Tun 11 ga Satumba na'urori suka fara kama girgiza dubbai, yawancinsu ko jin su ba a yi, kullum suna ƙara matsowa sama, ƙasa kuma ta kumbura wajen santimita 15. Kafin wutar ta ɓullo an riga an fara fitar da marasa lafiya da tsofaffi. Dattawan gonarmu ko gezau, sun ga aman wutar 1971, iyayensu sun ga na 1949.

Tokarsa ba irin ta murhu ba ce. Baƙin yashi ne mai kaushi, in ka goge tabarau da shi ya karce, har yanzu in na haƙa gindin ayaba ina tarar da shi a shimfiɗe. An ma yi sabuwar hanya a kan sandararren dutsen, hagu da dama baƙi ƙirin, gidajen mutane suna ƙarƙashi.

Ni abin da nake shakka ba wutar ba ce, iskar kabon ce mai shaƙe mutum da ke tsattsafowa daga ƙasa. Ba ta da wari, ba a ganinta, ta fi iska nauyi, sai ta kwanta a ɗakunan ƙasa da gareji. Saboda ita mutanen Puerto Naos, wani gari a bakin teku, suka fi shekara biyu ba su koma gida ba, sai da aka kafa musu na'urorin aunawa. Ni a Los Llanos nake, sama da wurin, kuma ba abin da ke kai ni can.

Na aiko da goron Sallah ta hannun Yaya, a cire wa Goggo nata tukuna kafin yara su ji labari. A gaishe da Kawu da mutanen gida duka. Ku ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanku