Malaman makarantun lafiya ku fito, yaran nan ba za su koyi haɗin kai su kaɗai ba

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya iyali. Don Allah a ɗan sammin fili.

Ni malamar jinya ce, na daɗe ina aikin wod kafin na koma koyarwa. Kwanakin baya ɗalibanmu suka shirya fita duba marasa lafiya kyauta a wani ƙauye, su da kansu suka yi karo-karo suka ɗauki hayar mota, akwai masu karatun likita, akwai nas-nas, 'yan famasi, 'yan lab, har da yara biyu 'yan fisiyo masu gashin ƙashi. Sun bi ofis-ofis sun kai wa malamai takardar gayyata. Ranar tafiya mu biyu kacal muka je, wallahi abun ya tsaya min a rai.

A can aka kawo wata tsohuwa, yaron da ke karatun likita ya auna ta ya ga jininta ya hau sosai, yana shirin rubuta mata takardar zuwa asibiti sai wata yarinya 'yar famasi ta durƙusa ta ce Iya wane magani kike sha a gida, tsohuwa ta kwance bakin zaninta sai ga diclofenac da ibuprofen da take saya a kemis kullum saboda ciwon gwiwa. To waɗannan magungunan in aka daɗe ana sha suna ƙara hawan jini, suna taɓa ƙoda, suna cin ciki. Nan take yaron fisiyo ya nuna mata yanda za ta dinga motsa gwiwar a gida. Darasi ne da ba lakcar da za ta ba su irinsa, amma da yamma babu babban likita ko malamin famasi da zai zaunar da su ya ce kun ga abun da ya faru, wannan tambayar ita ta ceci Iya, ni kaɗai na yi ta magana, kuma kowa ya san ɗalibin likita ya fi jin ta daga bakin malaminsa.

Gaskiya yaran nan ba sa shigowa makaranta da ƙiyayyar da ke tsakanin likitoci da sauran ma'aikatan lafiya, a wajenmu suke ɗauka. Suna jin yanda ake wa nas tsawa a rawun, wato zagayen duba marasa lafiya a wod, suna jin abun da mu ma muke faɗa kan likitoci in mun keɓe, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Rigimar NMA, ƙungiyar likitoci, da JOHESU, haɗakar ƙungiyoyin sauran ma'aikatan lafiya, kan albashi da wa zai shugabanci asibiti ba sabuwa ba ce, zamanin Jonathan har kwamiti aka kafa ƙarƙashin Yayale Ahmed kan zaman doya da manjan ma'aikatan lafiya, duk da haka a 2018 JOHESU ta yi yajin aiki na makonni, talaka ne ya ji a jikinsa.

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari cewa a dinga haɗa ɗaliban fannoni daban-daban su yi karatu tare, kowa ya san aikin ɗan'uwansa kuma ya koya daga gare shi. Jami'ar Ilorin ma ta daɗe tana tura ɗalibai su zauna cikin al'umma a shirinta na koyo da hidima cikin al'umma mai suna COBES, kenan fita ƙauye ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan.

Na san uzurin malamai, ni ma a ciki nake. Abokan aiki da yawa sun tafi Saudiyya da Ingila, aikin mutum uku ya dawo kan mutum ɗaya, kuma in lokacin ƙarin girma ya zo takardun bincike ake ƙirgawa, ba wanda zai tambaye ka Asabar nawa ka yi da ɗalibai a ƙauye. Ga taimtebul kowane sashe da nasa. Shi ya sa roƙona ga shugabannin kwalejoji shi ne a saka abun cikin taimtebul ko da rana ɗaya ce a wata, a ba malamin da ya je maki, hukumomin da ke zuwa tantance makarantu irin su MDCN ta likitoci da majalisar nas-nas da ta famasi su dinga tambaya wa ya halarta. Kuma kar a tsaya kan lakcarori, a gayyato matiron da masu kati da ma'aikatan lab, su ne suka san inda fayil ke maƙalewa da inda sakamakon gwaji ke ɓata.

Yaran sun ce za su sake fita bayan Sallah, ni dai na riga na sa sunana, kuma akwai sauran kujeru a motar.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Wata malamar jinya, daga Kano