Zuwa ga kiliyan ɗinmu, masu sayen kayanmu, na gidan kosam (kindirmo) da ƙanƙara, Hausare, Garwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu alhazai da hajiyoyi, yayyenmu da ƙannenmu, masu butik, masu shayi, masu abinci, da yaran da suke ɗaukar kula suna zagayawa da kayanmu cikin wannan rana, muna gaida kowa da kowa, ya hidimar salla, ya zafi, Allah ya maimaita mana.

Bamu saba rubuta irin wannan ba, mu aikinmu dafa madara ne da ƙulla leda, amma maganganu sunyi yawa tun tsakiyar azumi kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wasu sun zo har gida sun faɗa mana ido da ido, wallahi munji daɗin hakan ko da zafi aka faɗa, wasu sai dai muji a bakin yaran moto, wasu kuma shiru kawai sukayi suka daina aikowa, toh shirun nan shi yafi damunmu. Ana cewa mun ƙara kuɗi, gaskiya ne, ledar kosam da take sefa 100 ta koma 125. Ana cewa ƙanƙara ta gagara samu lokacin shan ruwa, shima gaskiya ne. Sai magana ta uku wai mun fara ƙara ruwa a kosam, wannan kam ba gaskiya bane kuma zamu zo kanta.

Dan Allah ku bamu haƙuri ku karanta har ƙarshe, saboda wanda yake waje bazai gane yadda aikin sanyi yake a garin nan ba. Duk abinda muke sayarwa, kosam, folere wato zoɓo, ruwan sanyi, ƙanƙara, kuran ne, wato wutar lantarki, ke riƙe dashi. Kuran ɗin arewacin Kamaru kuwa kowa yasan mafi yawansa daga dam ɗin Lagdo yake zuwa, wanda 'yan Sin suka gina aka gama a 1982, injina huɗu ne, megawat 72 in ruwa ya cika, kuma ba Garwa kaɗai yake baiwa ba, har Marwa da Ngaundere da garuruwan tsakani. Lokacin da aka gina shi ina yawan mutanen yake, ina firigo da fanka suke a kowane gida kamar yanzu? In rani yayi nisa ruwan ya ja baya injinan basa iya bada abinda aka gina su dominsa, sai a shiga rabon wuta unguwa unguwa, kuma daidai lokacin ne watan Maris da Afrilu zafi ke wuce digiri 40 kowa yana neman sanyi, ga azumi ya faɗo cikinsa. An sa sola a Marwa da Gider ta taimaka ba laifi, amma mu da dare muke aiki. Bamu zargin kowa, Allah ke kawo ruwa, muna dai faɗin yadda abin yake ne.

Ƙanƙara ba kamar caji bane da za'a ɗauke wuta ka jira a dawo da ita ka ci gaba daga inda ka tsaya. Babbar leda tana son sanyi a jere kusan kwana guda kafin ta daskare har ciki, in aka katse a tsakiya sai gefen yayi tauri cikin yana ruwa, ka ɗauka a hannu kaji nauyi kace ta yi, kafin yaro ya kai ta unguwar Yelwa a bayan moto ta zama ruwan ɗumi. Da mu sayar muku da irin wannan gara muce babu, shi yasa wasu ranakun kuka aiko da la'asar aka ce babu. Ba ɓoyewa mukayi ba don mu sayar wa wani da tsada kamar yadda aka ce, wanda yake shakka yazo ya buɗe kwanjilatar, wato firiza, da hannunsa, ƙofa a buɗe take.

Za'a ce ai kuna da gurup, wato janareta. Eh muna dashi, amma gurup ba ruwan kogin Binuwai yake sha ba. Litar gazuwal, wato man dizal, da muke saya 575 ta koma 720 a Fabrairun 2023, shekara na zagayowa a Fabrairun 2024 ta koma 828, esans wato fetur kuma daga 630 ya tafi 730 ya tafi 840. Da can yaranmu masu kai kaya zuwa-zuwa suke zubawa a moto, mai araha daga Najeriya, tunda gwamnatin can ta cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 wannan sauƙin ma ya tafi, kowa a garin nan ya gani a kuɗin moto. Duk dare in aka ɗauke wuta sai mun tada gurup, in bamu tada ba kayan jiya su lalace, in mun tada ribar ta ƙone a hayaƙi, ga gyara, ga man inji, ga maƙwabta da ƙara ta hana barci, Allah ya saka musu da alheri basu taɓa kai ƙararmu gun mai unguwa ba. Kuma ƙarshen wata faktir ɗin kuran, wato takardar kuɗin wuta, yana nan yana jiranmu. Duk waɗannan shekarun da mai yake hawa mun danne mun bar leda a 100, babu wanda ya zo yace sannunku da ƙoƙari, sai yanzu da muka ɗora 25 shine aka ganmu. Ba ƙorafi bane, tunatarwa ce kawai.

Sannan ga madara. Da damina 'yan uwanmu matan Fulani suna kawo mana nono sabon tatsa da safe, shi yasa kosam ɗin damina yake da wani ɗanɗano daban, da rani kuwa shanu sunyi nisa neman ciyawa, abinda ake samu baya isa, dole mu haɗa da madarar gari ta buhu. Ita kuma daga waje take zuwa ta sauka tashar jirgin ruwa ta Duwala, a ɗoro ta jirgin ƙasa zuwa Ngaundere inda layin dogo ya ƙare, daga nan kamiyo ya gangaro da ita ta wannan dutsen mai hatsari da direbobi ke addu'a kafin su sauka, kusan kilomita 280 kafin ta iso mana, kuma kowane mataki akwai gazuwal a ciki. Mutumin da yake turo mana daga Ngaundere mun daɗe tare, da sai mun sayar mu biya, kwatsam bana yace sai kuɗi a hannu kafin ya loda, shima wai haka aka yi masa daga kudu. Bamu ce ƙarya yake ba amma dai sanarwa ta kwana kaɗan ga mutanen da basu taɓa cin masa ko dala ba, abin ya mana ciwo. Sukari ya hau, leda ya hau, hatta folere da muke sarowa kasuwar Pitowa ranar Lahadi kuɗin motar kawo shi ya ƙaru. Ana cikin haka mai gidan da muke haya shima ya aiko cewa ya ƙara, wai ai gari ya ci gaba an buɗe jami'a, gidaje sunyi daraja. Gidansa ne bamu da ta cewa, sai dai rufin da yake yoyo tun bara yana nan yadda yake.

Munsan 125 akwai wahalar canji, mun sani sarai, ƙananan kuɗi sunyi wuya a garin nan har masu butik alawa suke bayarwa maimakon 25. Munyi tunanin 150 muka ga yayi wa 'yan makaranta yawa, munyi tunanin rage girman leda a ɓoye yadda wasu keyi muka ce a'a, gara a ganmu a fili. Wanda ya ɗauki biyu 250 ne, huɗu 500, babu rigima.

Toh maganar ruwa. Wallahi tallahi ranar da wannan magana ta iso kunnen mahaifiyarmu bata ci abincin dare ba, ita ce ta fara wannan sana'a da tukunya ɗaya da firigo na hannu a zauren gidanmu tun muna makarantar allo, har yau da girmanta in an dafa sai an kai mata ta ɗanɗana kafin a ƙulla. Abinda yake faruwa shine kosam abu ne mai rai, ana tafasa madara, a barta ta huce daidai, a zuba irin na jiya, a rufe ya kwana, da safe ya kama sai sanyi ya tsayar dashi. In sanyin ya yanke, ko a wajenmu ko a firigon butik ɗin da aka kai, baya tsayawa, sai yaci gaba da tsami ya tsinke ruwa ya tashi sama, mai saye ya ɗaga leda yaga ruwa yace an yi algus. Babu wanda ya ƙara komai, zafi ne. Ku tambayi kowace Bafulatana mai tallar nono zata faɗa muku haka. Wanda ya fara yaɗa maganar mun sanshi, shima ya san mun sanshi, mun barshi da Allah, in ya aiko gobe za'a bashi kaya kamar kowa.

Mu fa 'yan unguwar nan ne, kakanninmu fatauci ya kawo su bakin kogin nan suka zauna, a nan aka yanke mana cibi, a nan maƙabartar iyayenmu take, bamu da wani gari da zamu kwashe riba mu kai. Sefa 125 ɗinka in ta shigo hannunmu bata kwana, ta tafi gun mai nono, ta tafi gun yaron moto, gun mai gyaran gurup na bakin kasuwa, gun tela, gun mahauci, ta shiga adashin mata, da yamma ta dawo butik ɗinka a sayi shinkafa. Haka muke rayuwa mu ƙananan 'yan kasuwa tun daga Hausare har Fulbere har Pumpumre har Jambutu, masu kilishi, masu ƙosai, maƙera, masu ɗinkin hula, babu wanda banki ya tsaya masa, junanmu muke riƙe. In anyi rasuwa a unguwa ruwan sanyin da ake sha a zaman makoki bamu taɓa rubuta shi a littafi ba, kuma ba mu kaɗai ba, mai burodi ma haka yake, mai haya kujeru ma haka. Munga ana ta kawo kosam na roba daga kudu a manyan shaguna, mai kyan kwali, bamu hana kowa saye ba kuɗinka ne, amma ranar suna da asuba in sanyi ya gaza ba Duwala zaka buga wa waya ba.

Ku tuna Janairun 2022 da aka buga wasannin kofin Afirka a filin wasa na Rumde Ajiya, ranar da Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema gari ya cika da baƙi daga Yola da Mubi da Kano, wa ya ciyar dasu ya shayar dasu in ba mu 'yan ƙananan nan ba? Baƙin sun koma suna yabon mutanen Garwa, har yau akwai direban da in ya shigo daga Yola sai ya biyo ya cika kula. Wannan sunan tare muka yi shi daku, shi yasa in aka taɓa namu muke jin kamar na unguwa aka taɓa.

Game da abinda muke yi, ba zaune muke ba. Muna kan magana da wasu mutane akan hanyar samun sanyi da bata dogara da gazuwal ba, in Allah ya yarda zaku ga canji, akwai kuma wani tsari da muke dubawa na madara, bazamu faɗi lokaci ba tukuna don kar mu faɗa mu kasa cikawa. Maganar farashi kuma in abubuwa sunyi sauƙi za'a duba. Ku dai ƙara mana haƙuri zuwa faɗuwar damina.

Godiya ta musamman ga Baba mai shayi na kusa da masallaci wanda tun zamanin tukunya ɗaya yake karɓar kayanmu, ko a makon da babu ƙanƙara bai je wani wuri ba, cewa yayi zai jira 'ya'yansa, Baba Allah ya ƙara girma ya ja kwana. Hajiyarmu mai abinci ta tasha, wadda ta aurar da 'ya'ya mata uku kuma duk bikin mu muka yi folere, Hajiya munga kwana biyu yarinyarki bata zo ba, in wani abu akayi miki a faɗa mana mu zo har gida. Malaman islamiyya da suke yin oda duk saukar karatu, yayyenmu ma'aikatan auduga da suke biya ƙarshen wata basu taɓa saɓawa ba, direbobin Cadi da suke tsayawa cika kula kafin su kama hanyar Kuseri, ƙannenmu 'yan talla da rana ke dafawa, duk mun gode Allah ya bar zumunci.

Waɗanda sunansu yake cikin littafin bashi kuma, bamu rufe littafi ba kuma bazamu aiko yaro ƙofar gidan kowa ba, amma kunji dai yadda mai madara ya koma kuɗi a hannu, wanda Allah ya hore wa ya rage ko rabi ne, ana iya turowa ta waya. Masu oda ta biki ko suna dan Allah a riƙa sanar damu kwana biyu kafin ranar, ba daren ba. Wanda kuma ya sayi leda ya ganta a tsinke ya dawo da ita a canza masa, kar a kai maganar majalisa.

Naku,
'ya'yan Hajiya da duk ma'aikatan gidan kosam