Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Tsaftar Muhalli

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa membobi.

Mafi yawan ƙarfinmu a bana wajen yashe kwatoci ya tafi. Mun fara tun watan Mayu, kafin ruwa ya sauka, muna haɗa aikin da tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, ƙarfe 7 zuwa 10 na safe. Galibin abin da muka tono ledar fiya wata ce, sai robar lemo da yashi. Leda ba ta ruɓewa. Ita ke riƙe yashi a bakin kwalbati har ya toshe, ruwan Agusta ya rasa hanya ya koma cikin gidaje.

A zagayen farko mun yi kuskure biyu. Mun fara yasa daga sama, sai dagwalon ya gangara ya cushe ƙasa. Daga inda ruwa ke fita ake farawa, a yi sama. Sannan mun tara abin da muka kwaso a bakin titi muka watse, ruwan farko ya mai da shi inda ya fito. Yanzu ƙa'ida ita ce a bar shi kwana biyu ya tsane, rana ta uku a kai shi da baro inda motocin REMASAB, hukumar kwashe shara ta Kano, ke kwasa. Ba mai shiga kwata sai da safar hannu da takalmin roba, don akwai fasassun kwalabe, har da allurai.

Takin gida ya karɓu wurin iyayenmu mata. Rami ne mai faɗin mita 1 da zurfin rabin mita: kashi uku busasshen ganye, kashi ɗaya ɓawon kayan miya da kashin awaki, a juya duk sati biyu. In ya yi wari, ruwa ya yi yawa, a ƙara busasshen ganye. In bai ɗau zafi ba, ya bushe ne, a yayyafa ruwa. Kada a zuba nama ko miya mai maiƙo, ɓeraye ake gayyatowa. Cikin wata uku yakan nuna.

Dashen bishiya kuwa bai yi mana yadda muka so ba. Darbejiyar da aka kewaye da bulo ta tashi, wadda aka bari a fili awaki sun cinye. A dasa a Yuli, mita 4 daga katanga saboda saiwa, kuma a san wanda zai riƙa ba ta ruwa da rani.

Mun zagaya wuraren kanikawa da masu janareta kan baƙin mai. A tara shi a jarka mai murfi, akwai masu saye. Zuba shi a kwata kai shi kogin Jakara ne, ko rijiyar maƙwabci. Janareta a waje yake kwana, nesa da taga, domin iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari. Mataccen batirin inbata a mayar wa dillali, kada yara su fasa shi, akwai dalma da ruwan batir a ciki.

Wasu kayan aikinmu sun lalace, musamman shebur da manjagara. Wanda ake bi kuɗin wata-wata ya ga ma'aji kafin taro na gaba, don mu saya tun kafin Mayu.